Hannun Yayata

A unguwarmu ta wajen Kusugu, da wuya a kai amarya ɗaki ba ta bi ta hannun yayata ba. Ƙunshi take yi, jan lalle da kuma dayis, baƙin nan mai wari da ake kwaɓawa. Da yatsa take juya shi, wai sai haka take gane ya yi laushi. Har daga Sandamu ake kawo mata amare.

Sai wani farin tabo ya soma fito mata a gefen farcenta. Muka ɗauka kyasbi ne, aka yi ta shafa magani. Kafin damina ta wuce ya haye bayan hannu, ya ɓullo a gefen bakinta. Mijinta ya kai ta asibiti a Katsina, likita ya ce albaras ne, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Ta tambaye shi ko dayis ne ya jawo mata.

Ya ce, "Mai yiwuwa shi ya tayar da shi, mai yiwuwa ba shi ba. Amma ki daina taɓa shi."

Ta daina, ta koma jan lalle kaɗai. Duk da haka amare suka ɗauke ƙafa.

Da bikina ya zo, ban yi tunanin kowa ba sai ita, don tun ina yarinya ta yi mini alkawari. Ranar ƙunshi, wata gwaggon ango ta ce wa mahaifiyarmu, a tsakar gida, kada hannun nan ya taɓa musu amarya. Yaya tana bakin murhu, ta ji.

Na same ta a ɗaki. Na ce, "Yaya, in ba ke ba, na haƙura da ƙunshin."

Ta ce, "Gidan mutane za ki, ƙanwata. Kada ki shiga da magana a kanki."

Ita da kanta ta aika aka kira wata mata da ta koya wa sana'ar. Ta zauna a bakin ƙofa, hannuwanta cikin hijabi, tana ce mata, "Sirantar da nan," ni kuwa hawaye na zuba ba halin sharewa, hannuwana duk lalle.

Bayan biki ta kyautar da kayan aikinta. Yanzu ko a gidanmu kwanonta daban take ɗauka, ta ci da cokali. Babu wanda ya taɓa ce mata ta yi haka, mun kuma yi magana har mun gaji.