Addu'ar Mama Rifkatu da Ido a Buɗe

Har gobe ban mance da ranar da aka kawo mini Mama Rifkatu ba. Lokacin ina babban jami'i a sashen gashin ƙashi, inda muke koya wa gaɓoɓi aiki bayan ciwo. Likitan da ke duba ta kan ciwon suga ne ya turo ta.

Mama hatsi take sayarwa a kasuwar Muda Lawal, ita ce kuma ke jan waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Damuwarta ɗaya: da an ce a miƙe a rufe ido a yi addu'a, sai ta zube ƙasa. Tsegumi ya yi yawa, wai akwai abin da ke jikinta da ba ya son addu'a. Har an fara shawarar ba wata jan waƙar.

"Ɗana, ni da na tsufa a coci?" in ji ta, tana share hawaye.

Na zaunar da ita, na buga 'yar gudumar roba a ƙasan gwiwarta. Lafiyayyar ƙafa harbawa take yi, tata ko gezau. Na ce ta rufe ido, na ɗaga babban yatsan ƙafarta.

"Sama ko ƙasa, Mama?"

"Au, ka motsa shi ne?"

Nan na gano bakin zaren. Na yi mata bayani cewa a cikin tsoka akwai 'yan zaruruwa masu jin miƙewa. Idan tsoka ta miƙe, sai su aika saƙo ta jijiya zuwa laka da ƙwaƙwalwa, gwargwadon miƙewar gwargwadon yawan saƙon. Da haka ƙwaƙwalwa ke sanin inda ƙafa take ba sai an duba ba. Suga ya taɓa jijiyoyin Mama, ido ne kaɗai ke tsare ta.

Muka shiga atisayen tsayuwa da tafiya. Na ce daga yau ta dafa benci, ta yi addu'arta ido a buɗe.

"Zai karɓa kuwa?" Kafin in amsa ta tuntsure da dariya. "Ai shi ya yi idon!"

Da ta dawo ganina, bakinta har kunne. Da kanta ta yi wa matan bayani, kuma ita ta ja waƙa ran Lahadi. Wallahi ranar kaina ya fasu.

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, kada ku raina gudumar nan. Jijiyar Mama ba ta warke ba, amma mun wanke mata suna.