Gaisuwar Hanyar Roni

A daminar da na fara koyarwa a firamare a Kazaure, lokacin da kuɗin mai ya shigo ana ta shimfiɗa kwalta, buri ɗaya ne a raina: a ɗauke ni cikin masu gudun dogon zango na jiharmu. Saura wata biyu a yi gwaji a Kano, kuma mutum uku kacal ake so. Kullum da na idar da sallar asuba sai in ɗaura agogo in kama hanyar Roni.

Na manta cewa a wajenmu babba ba ya gudu sai da dalili. Wata mai tallar nono ta taɓa sauke ƙwaryarta, ta leƙa bayana, ta ce, "Samari, me ya koro ka?" Wani direba ya ci birki ya ce in hau ya rage mini hanya. Da na ce motsa jiki nake yi, sai ya dube ni da tausayi ya ja motarsa.

Wanda ya fi cinye mini lokaci wani dattijo ne mai gonar gero a gindin dutse. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba, amma ba a wuce dattijo a tsaye. Dole in durƙusa. Shi kuwa ba ya gaggawa: ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mutanen gida. Ina amsawa ina satar kallon agogo, haushi kamar ya kashe ni.

Rannan na ce yau kam sai dai Allah Ya yafe mini. Na sunkuyar da kai na wuce shi fuu. Ban taɓa yin gudu mai kyau irin na ranar ba.

Ina shirin fita makaranta na ji sallama. Dattijon ne, da keken aro, taɓo har gwiwa. Ashe tambaya ya yi ta yi har aka nuna masa gidan malamin nan mai gudu.

"Yaro, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba."

"Alhamdu lillahi. Na ce wanda kullum yake tsayawa, yau bai tsaya ba, to ba lafiya ba."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na yi masa bayanin gwaji da agogo. Bai gane amfanin abin ba, ya ma faɗa, amma tun daga ranar, da zarar ya hango ni sai ya ɗaga fartanya ya ce, "Wuce, na amsa!" Wani lokaci ina jin sa a bayana yana yi wa kansa gaisuwar yana amsawa.

A Kano na zo na huɗu. Na ji zafin abin sosai, na kwana biyu ban fita ba. A rana ta uku na taka a hankali har gonar, na durƙusa, muka gaisa tun daga ina kwana har mutanen gida, ban kalli agogo ba.

Ya ce, "To, ka kamo abin da kake bi?"

"Ban kamo ba, Baba."

Ya jawo goran furarsa ya miƙo mini. "To zauna. Dama tun farkon damina nake son in ga fuskarka ba kana haki ba."