Gafakar Malam da Layun Goggo

Wani tsohon ɗalibina ne ya tono min wannan magana. Yana karatu a ƙasar waje, sai ya turo min hotuna ta waya daga wani ɗakin adana tsoffin takardu da suka kai ziyara. Takardun wasu iyalai ne na Turawan Holan, waɗanda kakanninsu suka ƙetare teku tun zamanin da, suka kafa gidaje a wata ƙasa. Wasiƙunsu, takardun aure, wane ya haifi wane, har na gonaki, duk an jera cikin kwalaye ana lallaɓa su kamar ƙwai. Ya ce tattaɓa-kunne kan zo su zauna su karanta sunan kakansu da idonsu. Ina zaune a ƙofar gidana a Illela, 'yan kabu-kabu na ta wucewa da jarkoki zuwa bakin iyaka, na yi ta kallon hotunan. Mu ma ai muna da namu.

Kakana, wanda duk dangi ke kira Malam, ya bar gafaka cike da rubutun ajami na hannunsa. Ina yaro na sha ganin mahaifina ya buɗe ta bayan la'asar yana karanta mana. Tarihin gidanmu ne: yadda kakan Malam ya taso daga ƙasar Adar da jakunan gishiri ya sauka kusa da tafkin Kalmalo, wa ya aura, su wa ya haifa, su wa suka tsinci kansu a ɓangaren Konni da aka shata iyaka. Abin da kan yaro ya riƙe kaɗan ne, ko sunan garin da muka fito bai zauna min ba. Da mahaifina ya rasu, gafakar ta koma ɗakin Goggo, ƙanwarsa, don ita ce babbar da ta rage.

Washegari na dira gidanta. Goggo ba ta kiran sunana, saboda sunan mahaifinta na ci. Ta ce, "Mai sunan Malam, yau kai ne da sassafe? Lahiya dai?" Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta ciro gafakar ta miƙo min. Tun kafin in buɗe na ji ta sakayau. Takarda ɗaya tal ce a ciki.

Na ce, "Goggo, ina sauran?"

"Sauran mi?"

"Takardun Malam!"

Ta ce, "Suna wuyan jikokinai mana. Duk ɗan da anka haihwa gidanga, ni ka zare guda in kai ma baduku shi ɗunke mai laya."

Inna lillahi! Shekara da shekaru kenan, kuma gidanmu, tubarkalla, ba a wata biyu ba a yi suna ba. Na ce, "Haba Goggo! Wannan fa ba addu'a ba ce, sunayen kakanninmu ne!"

Ko a jikinta. Ta ce, "Da Bisimilla ta hwara ko ba da ita ba?" Na ce da ita ta fara. "Hannun Malam ne ko ba nashi ba?" Na ce nashi ne. "To mi kaka so kuma?"

Nan fa na cika na batse. Na yi ta faɗa, har na ce ta yayyaga asalinmu ta raba wa jarirai kamar alewa. Ta fizge gafakar daga hannuna ta mayar cikin adaka, ta ce in tashi in ba ta wuri. Aka ɗau lokaci ko gaisuwata ba ta amsawa.

Tunda ƙofarta ta rufe, sai na ce bari in bi layun. Ka ga dattijo da furfura, tsohon malamin makaranta, yana bin gidajen dangi yana leƙen wuyan yara! Na je Tozai, na je Kalmalo, na haye Konni. Duk inda na shiga amsa ɗaya ce: laya in an farke ta ta mutu, kuma ba uwar da za ta yarda a kashe ta ɗanta. Wata matar ƙanena da ta hango ni sai ta saɓa yaronta ta shige ɗaki, sai ka ce ni ne maye. Waɗanda suka girma kuwa, wani ya ce tasa ta faɗa tafki, wata ta ce ta bar ta gidan tsohon mijinta. A wani gida aka shaida min da aka haifi tagwaye, baduku ya sa almakashi ya raba takarda ɗaya biyu don kada a yi son kai. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Mutum ɗaya ne ya tausaya min, wani ɗan baffana mai canjin sefa, kuɗin Nijar, a bakin kasuwa. Sai da ya gama yi min dariya har da buga ƙafa, sannan ya aika gida aka kawo tsohuwar layar babban ɗansa. Na kai ta ɗaki na sa reza a hankali na yanke ɗinkin. Takardar na ciki, an ninke ta ƙanƙanuwa an naɗe da zare. Amma gumi da ruwan wanka da man shafawa sun gama da ita. Tawadar ta narke ta zama dabbare-dabbare, takardar na marmashewa a yatsuna. Rabin layi kawai na iya karantawa, inda Malam ya rubuta cewa wane ya haifi wane, kuma daidai wurin sunayen ne ya cinye. Wallahi sai da na yi ƙwalla don takaici.

Ya zama saura takarda ɗayan nan ta cikin adaka. Na haɗiye fushina, na sayi goro da turare na je na durƙusa na ba Goggo haƙuri. Ta ja aji, daga baya ta sauko, har ta fito da takardar ta bar ni na duba. Ashe daga ƙasa take zarowa, don haka wadda ta rage ita ce ta farko. A nan Malam ya fara da asalinmu, a nan sunan garin yake da sunan mutumin da ya taso da jakunan. Sai dai ajamina na ɗan boko ne, rubutun Malam kuma a cushe yake, tawadar ta koɗe ta yi ja. Na yi ta ƙura ido ban fitar da komai ba bayan layin farko.

Na ciro waya zan ɗauki hoto, ta dafe takardar da tafin hannu. Ta ce, "A'a! Ba ka sa rubutun Malam cikin abin da ka kiɗa da hotunan 'yan rawa." Na rantse mata ba ko ɗaya a tawa. Ta ce duk uwarsu ɗaya. Da ƙyar muka daidaita a kan in kawo limamin unguwarmu ya kwafe da alƙalami a gabanta. Liman kuwa ya tafi ƙauye girbin gero. Yau zai dawo, gobe zai dawo, ni dai ina ta zirga-zirga ƙofar gidansa.

Cikin wannan jira 'yata ta haihu, tun lokaci bai yi ba. A gidana take, don ta riga ta binne jarirai biyu kafin wannan, mun ce ta dawo kusa da uwarta. Yaron ya zo ɗan mitsitsi, ko kukan kirki ba ya iyawa. Hankalina duk ya koma can, na manta da liman da gafaka.

Ranar suna da hantsi sai ga Goggo an sauke ta daga babur, ita da ko ƙofar gida ba ta cika fita ba. Ta shiga wurin mata ta daɗe. Da ta fito ta same ni a zaure ta ajiye min gafakar a cinya. Ta ce, "Ga ta nan, tunda ita kaka so. Na gama da ita." Na buɗe, wayam.

Na ajiye gafakar gefe. Na bari baƙi suka ragu, na ɗauki reza na sa a aljihu na shiga ɗakin mai jego. Ga yaron kwance, ga sabuwar laya ja a ƙirjinsa, ta kusa kai faɗin tafin hannunsa biyu. Ɗinkin sabo ne, ruwa bai taɓa ta ba. Yanzu in na farke, komai na nan garau.

'Yata ta miƙo min shi. Tana ganin hannuna ya nufi aljihu ta gane. Ta yi karatu, ta san abin da ke cikin layar sarai, ni na faɗa mata da bakina. Ta ce, "Baba, na san ba addu'a ba ce." Idonta ya kawo ruwa. "Amma don Allah ka bar masa."

Na dubi yaron yana numfashi sama-sama. Ni ban yarda fata da takarda na tsare rai ba, har gobe. Amma in na yanke, wani abu ya same shi, da wane ido zan kalle ta? Na fito da hannuna ba komai, na tofa masa addu'a na mayar mata da shi.

Yaron ya rayu, Alhamdu lillahi, yanzu har yana dafa bango yana miƙewa. An yi min alkawarin in an yaye shi za a ba ni layar. Ta riga ta fara baƙi, ɗinkin ya sha mai ya kumbura. Gafakar na rataye a ɗakina ba komai a ciki, kuma kullum da safe ina jin ƙarar ruwa a tsakar gida ana yi wa yaron wanka.