Masussukar Inna Yalwa

Ni dai aji biyu na yi a firamare, na biyun ma sau biyu na zauna shi, don haka in ana neman mai magana kan ɗakin karatun garinmu, ni ne na ƙarshe da ya kamata a tuna. Ƙiyayyarsa ma gadonta na yi, a bakin wutar kakata.

Inna Yalwa ita ce shugabar masu sussuka a ƙauyenmu, can bayan duwatsun Kwatarkwashi. Akwai wani falalen dutse a bakin gari, a kansa mata ke sussukar gero tun ba a haife ta ba. Sai Alhaji Dogo, wani falke da ya yi arziki da fatu a Gusau, ya dawo ya ce zai gina wa yara ɗakin karatu saboda Allah. Ga fili ko'ina, amma dutsen ya zaɓa, kuma bai tambayi mace ko ɗaya ba. Ranar buɗewa Inna ta ja hannuna muka je, don dai a ga fuskarta a ɗaure.

Tun daga ranar tatsuniyarta ta koma guda ɗaya. Bayan isha'i ta hura wutar kara, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta."

"Ta iso mu ji."

Wai raƙumi ne ya haƙa wa dabbobi rijiya sadaka, daidai makwancin awaki. Ya tayar da bakin rijiyar daidai tsawon wuyansa. Aka taru ana ta yi masa kirari. Akuya ta yi ɗage har ƙafarta ta ƙage, ko ƙyallin ruwan ba ta hango ba, ga shi kuma ba wurin kwana. Ta tara 'ya'yanta ta ce duk wanda ya leƙa rijiyar nan ba ita ta haife shi ba.

"Inna, raƙumin nan yana sa hula?"

"Hula da tazbaha, ɗan nema. Ci gyaɗarka." Sannan ta nuna mu da tsinken wuta. "Wanda duk yat taka ɗakin ga cikinku, ban yahe mai ba."

Duk rayuwata ban taɓa samun umarnin da ya dace da halina kamar wannan ba. Ɗan baffana Bala ya saɓa, ya riƙa shiga a ɓoye. Yau yana Tudun Wada yana cin fansho, shi ke karanta mini saƙon waya yana dariya.

Bara 'ya'yan marigayi Alhaji Dogo suka zo daga Gusau da mai awon fili, wai za su rushe ɗakin su yi gidan mai. Takardar waƙafi babu, da baki marigayin ya faɗa. Dagaci ya ce a kawo shaida, in babu, gini na magada ne. Aka duba, duk wanda ya halarci buɗewar yana ƙasa, sai ni. Malama Rabi mai kula da ɗakin ta riga ta fara ɗaure littattafai da igiya, 'yan jarrabawa na tsaye a ƙofa sun yi cirko-cirko.

Babban ɗan, Alhaji Nura, ya same ni da buhun shinkafa.

"Baba Sale, kai ka san abin da anka yi ma kakarka. Ka ce ka mance, shi ke nan."

Na karɓi shinkafar, na sa albarka.

A zauren dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, da kunnena na ji. Marigayin ya ce ya ba da ɗakin waƙafi, ba nashi ba, ba na ɗiyansa ba, har ƙasa ta naɗe. Abin da ya sa na riƙe, daidai nan Inna ta tofa yawu ya sauka bisa ƙafata. In kuwa ba waƙafi ba ne, to a mai da ma mata dutsensu."

Alhaji Nura ya zabura. "Tsohon banza! Ka ci shinkafarmu!"

"Tsakuwa gare ta, Alhaji."

Na daɗe ina zaton karatu Inna ta tsana. Sai da na tsufa na gane abin da ya ci mata rai: an yi kyauta da wurinta, aka yi wa wani godiya. Alhaji Dogo ya kawo siminti da littattafai, gaskiya ne, Allah ya ba shi ladarsa in da saura. Amma mata suka koma sussuka a turɓaya, shekara da shekaru muna tauna ƙasa a tuwo. Abin da aka saya da wannan, ba ɗan falken da zai zo ya kafa masa famfon fetur ina numfashi.

Dagaci ya yanke cewa ɗakin waƙafi ne, mai awo ya naɗe igiyarsa, Malama Rabi ta kwance littattafai. Alhaji Nura ya daina amsa sallamata. Duk Juma'ar da na shiga Gusau sai na neme shi a sahu, na yi masa ita da ƙarfi.