Guɗar Iya a Dudunni

Muna idar da sallar asuba muka bar Kankiya, ni da maigidana da yaronmu mai shekara biyu da rabi. Ba son sammako ne ya tashe mu ba. So muke mu fice kafin masu injin markaɗe da 'yan acaɓa su farka, domin ƙarar da ku ba ku ma lura da ita, shi sai ya toshe kunnuwa ya kwanta a ƙasa. Shatar mota muka yi, kuɗin kuwa har yanzu in na tuna sai na yi tsaki. Sharaɗinmu ɗaya da direba: ba rediyo, ba hon. Ya dube mu kamar mun ce ya cire taya.

Bari in gaya muku abin da ya kai mu. Yaron nan ba ya waiwayowa in an kira sunansa, bai fara magana ba, ba ya nuna abu da yatsa. An gwada kunnensa, lafiya lau. Likitar da muka gani a Katsina ta ce tana zargin otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga, amma sai an ci gaba da dubawa. Ta ce ƙin ƙara kaɗai ba ya tabbatar da komai, sai an haɗa da sauran alamomin. Surukata, Iya, da ke Dudunni, tuni ta gama nata binciken: iska ce. Ta aiko a kawo mata shi a bar mata, a yi masa hayaƙi. Yaron da ko turaren wuta na kunna sai ya yi ta kakarin amai! Na hau motar nan da niyya guda, da ɗana zan dawo, kuma ba tare da na saɓa wa Iya ba. Yadda zan haɗa biyun ne ban sani ba.

Hanyar Kusada kaka ta yi mata kyau. An girbe gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, amalanken shanu sai wucewa suke da harawa. A Kusada muka tsaya wajen mai ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an zo. Na sa ta soya mana na yaron ya yi ƙayau, don mutumin nawa ba ya cin abu mai laushi, miyar kuɓewa kuwa ko ganinta ba ya so. Daga nan muka sauka daga kwalta, mota ta dinga rawa. Mu manya muna salati, shi yana ƙyalƙyala dariya. Girgiza da ɗaurin goyo tamau su ne abin sonsa.

Tun a mota na tsara yadda za mu shiga a hankali. Ashe Iya ta tara matan gidan. Muna yin sallama ta taso da gudunta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a kan yaron.

"Ga angona! Ga angona ya iso!"

Kafin in buɗe baki an sure shi, wannan ta cafe, waccan ta sumbata. Ya ƙwalla ƙara, ya sandare, ya shiga buga kansa da ƙirjin mai riƙe da shi. Na ƙwace shi na yi bayan rumbu, na goya shi na ɗaure zani tamau, ina jin Iya tana cewa, "Kun gani ko? Mi nac ce maku? A hura garwashi."

Ni mai kunyar suruka ce, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ranar dai na dawo na durƙusa da goyona.

"Iya, ki yi mani arziki ki saurare ni. Guɗar da ke maki daɗi, shi kamar allura take shiga kunnensa. Hayaƙin ma haka zai yi masa a hanci. Ki ba ni zuwa la'asar, kada kowa ya taɓa shi, kada a kira shi. In bai sake ba, sai ki yanke abin da kika gani."

Maigidana ya ce shi ma abin da likita ta faɗa masa ke nan. Iya ta harare mu duka, ta ce, "Yaran zamani! To, mu gani."

Ta kori matan, ta koma gindin darbejiya tana tsince wake a ƙwarya, ranta a ɓace. Na sauke shi nesa kaɗan. Ya daɗe yana kallon yadda waken ke zuba daga hannunta. Can sai ya taka, ya tsuguna, ya nutsa hannuwansa biyu cikin ƙwaryar har wuyan hannu. Iya ta buɗe baki, na girgiza mata kai, ta haɗiye maganar. Tsohuwar da ba a taɓa ji ta yi shiru ba ko a gidan gaisuwa! Ta ɗebo wake ta zuba masa a bayan hannu. Ya yi dariya. Ta ƙara. Da ta tsaya, sai ya kamo hannunta ya mayar cikin ƙwaryar, wai ta ci gaba. Kafin la'asar ya juya ya jingina bayansa da ƙirjinta, ya yi barci. Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba.

Iya ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ashe shina so na. Ni na ɗauka ke kika hana shi." Ta ce a kashe garwashin. Ta yi masa addu'a ta shafa, ta tambayi yaushe za mu koma wajen likitar. "Ku tahi da shi, ɗiyata. Amma ku riƙa kawo man shi, ni zan tsare ƙofa."

Mun ci ɗanwake da man gyaɗa, shi ya ci ƙuli-ƙulinsa. Da za mu tafi ta ƙulle masa wake a leda, ta ce na wasa ne, kada in kuskura in dafa, kuma in sa ido kada ya kai baki ko hanci.

Mun shigo Kankiya ana kiran magariba, ɗana a bayana. Har yanzu bai ce uffan ba, sakamakon likita ma muna jira. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, dangi ba ƙin yaron suke ba, irin son da suka iya ne yake yi masa ciwo, kuma in an daure an gaya musu, suna iya sauyawa. Hoton da na dawo da shi a raina shi ne na rabuwarmu: mota ta tashi, na waiwaya, ga Iya a ƙofar gida ta kama hanci, baki a buɗe, kai na kaɗawa, tana rangaɗa wa angonta guɗa ba tare da ko sauti ya fita ba.