Ranar da gabas ta koma gabas

Aikin farko na yau: buɗe sito a Al Quoz, nan Dubai.

Makulli na hannuna saƙon ya shigo. Yaya Habu ya rasu jiya a Zariya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya tarbe ni ranar da na sauka garin nan. Shi ya nuna mini yadda ake shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya ba ni bargonsa. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Malam Ko-dai, wai komai aka ce a yi sai na ce "ko dai a bari tukuna?"

Bara ya tada maganar mu je yawon buɗe ido Lisbon ta ƙasar Portugal, ni da shi da Awal, abokinmu ɗan Kumasi mai tuƙi a wani otal a Deira. Na ce ko dai ba za su ba mu biza ba.

Ya ce, "To su hana mana. Kai ne ofishin?"

Suka ba mu.

Gari ne na hawa da gangara, titunan duk dutse. Yaya Habu yana haki yana cewa waɗanda suka gina shi ba su da ciwon gwiwa. Muka hau har tsohuwar ganuwarsu, magariba ta same mu a can. Muka shimfiɗa riguna a gefen wani lambu, muka fuskanci inda rana ta faɗi, domin a Dubai alƙibla yamma take, jiki ya saba.

Awal zai tada iƙama ke nan wani dattijo ɗan Gini ya dafa kafaɗar Yaya Habu, ya juya shi baya. Ashe a can gabas ake kallo, kamar gida.

Bayan sallama Yaya Habu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai jama'a! Bahaushe guda, sai an nuna masa gabas? Lallai mun daɗe."

A jirgin dawowa ya ce shi kam ya gama, gida zai koma. Kuma ya koma. Ya samu azumi ɗaya da Salla ɗaya cikin 'ya'yansa. Matarsa ce ke gaya mini ɗazu, wai kullum da yamma yana ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Al Rigga ce, wurin mai shayi. Ya san na daɗe ban je na ga mahaifiyata ba, ya san idonta ya fara rauni. Na fara cewa ko dai in bari sai na ɗan tara abin hannu.

Ya ajiye kofi. "Malam Ko-dai, Hajiya ba kwantenar kaya take jira ba. Ka je tun tana iya ganinka."

Na ce insha Allah. Ya ce, "Ta Larabawan nan ko ta gaske?"

Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Wanda duk ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
- kiran babban ɗansa, yau layi bai shiga ba
- zuwa wurin Awal, ya kasa magana a waya
- shiga ofishin oga da kaina, neman hutu
- gaya wa Hajiya ranar da zan iso