Jar Motar da Ke Jikin Teburin Yahuza

Yahuza mutumin Tafoki ne, amma shekara shida ke nan yana cajin waya a bakin kasuwar Ƙanƙara. Da can tumatir yake nomawa a fadama, shi da ƙaninsa Harisu. Kowace shekara kwandunansu kan ruɓe a bakin titi, matan gari kuwa na gwangwani suke saye, wanda ake shigowa da shi daga waje. Da 'yan bindiga suka hana zuwa fadamar, Yahuza ya kwaso iyali zuwa Ƙanƙara. Harisu ya bi ta Agadas da Libiya, ya haye teku.

Sai bayan wata goma sha ɗaya saƙo biyu suka shigo daga Italiya. Na farko hoto ne, Harisu cikin rigar sanyi, jingine da jar mota. Na biyu murya ce.

"Yaya, motar ta mai gonar ce. Tumatir nake tsinka, wallahi, irin namu sak. Mu takwas ke kwana cikin bukkar leda. Hoton na Inna ne, don hankalinta ya kwanta. Kada ka bar kowa ya biyo ni."

Yahuza ya nuna wa Inna, mahaifiyarsu, hoton. Sannan ya nuna wa mai shayi. Kafin ranar, ɗan gudun hijira ake ce masa, a tsaye yake shan shayinsa. Ranar aka matsa masa a benci. Ya kai aka wanke hoton, ya manna a jikin teburin caji. Bai taɓa cewa motar ta Harisu ce ba, da wannan yake kare kansa har yau. In an tambaya, murmushi yake yi, ya ce Allah ke yi.

Jabiru tela, wanda shagonsa ke kallon teburin, ya fi kowa daɗewa gaban hoton. Ya sayar da kekensa na ɗinki don ya bi hanyar da Harisu ya bi. Ranar da ya zo sallama wayar tana aljihun Yahuza, muryar Harisu na cikinta. Yahuza ya ɗaga hannu ya yi masa doguwar addu'a. Kiran Jabiru na ƙarshe daga bakin teku ne, bara.

Tun daga nan Hajaratu, mahaifiyar Jabiru, take kawo ƙaramar wayarta kullum, kada cajinta ya ƙare ɗanta ya kira bai samu ba. Takan zauna ta yi ta sa wa Yahuza albarka. Shi kuwa sai ya duƙufa kan igiyoyin caji da babu abin da ya same su.

Ranar Talatar da ta wuce Hajaratu ta zo da fara'a. Ta ce Kamilu, mijin 'yarta Ummi, ya yanke shawarar bin hanyar ya nemo Jabiru, jibi zai tashi.

"Ka faɗa ma Harisu ya tarbe shi da motar nan, ɗana. Mi zai gagari mai mota?"

Yahuza ya kalli benci. Mai shayi da mutum huɗu suna saurare. Ya san in ya faɗi gaskiya gobe a tsaye zai sha shayi, ya kuma lura, cikin kunya, cewa wannan ne ya fara zo masa a rai kafin Kamilu.

"Inna Hajaratu, matso ki ji wani abu," in ji shi.

Ya lalubo saƙon muryar Harisu, ya ƙure ƙarar wayar, ya ajiye ta bisa tebur.